Abin da Ɗan Fadama Ya Gano a Japan

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowane matafiyi ne ke komowa da mabuɗin ba. Wani jaka cike da tsaraba yake kawowa, wani kuma hotuna a waya. A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan 36 suka ziyarci Japan, da yawansu don kallon Dutsen Fuji da gidajen ibada na dā da jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Ni da iyalina mun yi kwana goma a can, mun ga duk waɗannan, mun kuma ji daɗinsu. Sai dai wanda ya tashi a Jahun, inda ruwa ne ke yanke hukuncin ko bana za a ci ko za a yi asara, idonsa ba ya barin kogi da gonar shinkafa ko ina ya je. Abin da wannan ido ya gano shi nake son in gabatar wa mai karatu.

Zan fara da abin da kowane baƙo ke gani. Tokiyo birni ne mai cunkoso amma ba hayaniya. A cikin jirgin ƙasa ba a ɗaga murya, ba a amsa waya. Da wuya ka ga kwandon shara a titi, kuma ba ka ganin shara, domin kowa aljihunsa ne kwandonsa har ya koma gida. Wannan tarbiyya tun daga firamare take farawa, inda yara da kansu ke share ajinsu. Cire takalmi a bakin ƙofa da rusunawa wajen gaisuwa ba su zame wa 'ya'yana baƙin abu ba, uwargida ma cewa ta yi ai wannan ladabin gidan kakanninmu ne.

Abinci ne ke buƙatar lura ga Musulmi. Naman alade da wani ruwan girki mai ɗauke da barasa, wanda suke kira mirin, suna shiga miya da yawa, saboda haka dole a tambaya kafin a ci. Dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama, don haka mai niyyar guzurin kilishi ya haƙura. Mun yi Juma'a a babban masallacin Tokiyo, wanda aka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi da salon Turkiyya a 2000.

Daga Tokiyo zuwa Kiyoto tafiyar sa'a biyu da 'yan mintuna ce a jirgin Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964. Bayan an wuce Nagoya jirgin yana ratsa wani shimfiɗaɗɗen fili da koguna uku suka ratsa: Kiso da Nagara da Ibi. Da na leƙa ta taga sai na ga kamar fadamar Auyo ce aka yi wa kwalliya. Mutanen wannan fili sun daɗe suna fama da ambaliya. Maganin da suka yi tun zamanin dā shi ne kewaye ƙauyuka da gonaki da jinga, tare da gina ɗaki a kan tudun da aka tara, inda ake ajiye hatsi da kwale-kwale. Jingar ta gari ce gaba ɗaya, kuma kula da ita aikin gayya ne. A ƙarshen ƙarni na 19 gwamnati ta bi shawarar wani injiniya ɗan Holan, Johannis de Rijke, aka raba hanyoyin kogunan uku, aikin da ya ɗauki shekaru sama da ashirin.

Mu ma mun san jinga. Mun ga matasan Haɗeja suna kwana suna cika buhuna da ƙasa a damunar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya cinye gonaki daga Ringim zuwa Miga da Kafin Hausa da Guri. Bambancin shi ne tasu ana gyara ta kafin ruwa ya zo, tamu kuwa sai ruwa ya kai gwiwa ake neman buhu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike su, ruwan ya riƙa bin inda bai saba bi ba. Wannan matsala ba ta damuna ɗaya ba ce, don haka rabon kayan agaji ba zai magance ta ba.

Kiyoto, wadda ta zama fadar sarautarsu tun daga shekarar 794 har fiye da shekara dubu, ta nuna mini wani abu dabam. Ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi tururuwa shi ne Fushimi Inari, mai dubban jajayen ƙofofi jere a kan tsauni, kuma asalinsa wurin bautar abin da suka ɗauka ubangijin shinkafa ne. Aƙidarmu ta yi hannun riga da wannan, kallo kawai ya kai mu. Amma na lura da yadda al'ummar da ke ƙera motoci da na'urori ba ta taɓa jin kunyar cewa asalinta manoman shinkafa ba ne. A wurinmu yaron da ya yi digiri yakan ɓoye cewa da kuɗin shinkafar fadama aka biya masa makaranta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Toyooka, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Maruyama. Akwai wani babban tsuntsu dangin shamuwa da ya ɓace daga dajin Japan a 1971, saboda maganin ƙwari ya kashe kifi da kwaɗin da yake ci. An samo 'ya'yansa daga Rasha a 1985, aka yi ta kiwonsu, har aka sake su a 2005. Manoma suka rage magani, suka riƙa barin ruwa ya daɗe a gona. Yau shinkafar da aka noma ta wannan hanya ta fi saura tsada, baƙi kuma na zuwa kallon tsuntsun suna kashe kuɗi a garin. A nan ɗiyata ta ce, "Baba, ashe tsuntsu ma ana biyan kuɗin mota a zo ganinsa?"

Amsar tambayarta tana ƙasa da tafiyar yini daga Jahun. Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, yana cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2008. Kowane hunturu tsuntsaye na ƙetaro hamada daga Turai su sauka a can. Abin da mutanen Toyooka suka kwashe shekaru suna wahalar maidowa, mu Allah ya ba mu shi kyauta. Amma ɗalibai nawa ne a makarantun Jahun da Haɗeja aka taɓa kaiwa su gani? Nawa ne aka zagaya da su ganuwar Haɗeja, aka nuna musu inda Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawa a 1906?

Ba ina cewa mu zama Japan ba. Su ma suna da nasu ciwon: tsofaffi sun yi yawa, haihuwa ta ragu, ƙauyuka na zama kufai. Mu kuwa matasa ne arzikinmu. Abin da nake kira gare shi uku ne. Gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su mai da yashe kogi da gyaran jinga aikin kowane rani, da kasafi tsayayye. Masarautu su farfaɗo da aikin gayya a kan jingar kowane gari. Makarantu kuma su sa ziyarar Baturiya cikin tsarin karatu, domin yaro ba ya kare abin da bai taɓa gani ba.

Wanda Allah ya hore masa ya je ya ga duniya, babu laifi. Amma kafin ya nemi biza, ya fara kai 'ya'yansa bakin kogin garinsu. Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa.