Daidaita Hoto da Magana: Daga Majigi Zuwa Intanet

Tun zamanin majigi aka san tilas hoto da magana su tafi tare. A 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar shirya fina-finai domin ƙasashen da take mulka. Motocin majigi kuwa suka riƙa zagaya gundumomin Lardin Kano, ana kafa allo a dandali da dare. Mai sharhi yana riƙe da lasifika, idonsa a kan allo, gama in ya yi jinkiri sai a ji shi yana bayanin sauro alhali hoton rijiya ke gaban jama'a.

Wannan matsala ba ta gushe ba. Idan ɗalibi a Kabo yana bin lacca kai tsaye daga Jami'ar Bayero ta intanet, murya takan makara da 'yan daƙiƙoƙi, domin sai na'ura ta tara ta sa'an nan ta sake ta. Shafin hoto kuwa ba shi da nauyi, nan da nan yake isowa, ɗalibi ya ga jadawalin da malami bai kai gare shi ba. Maganin abin shi ne a dasa alamar lokaci a cikin muryar, watau shafi ba zai juya ba sai magana ta iso gurbinsa.