Ramin caji na mota: kada ya shanye batir da dare

A gaban mota, kusa da direba, akwai wani ɗan rami zagayayye. A da, da shi ake kunna sigari. Yanzu kuwa cajin telefon ake yi da shi. Wutarsa bolt 12 ce, daga batirin mota take fitowa.

Motoci ba ɗaya suke ba. A wasu, in direba ya zare makulli, ramin ma ya mutu. Yawancin Toyota haka suke. A wasu kuwa, ramin yana da wuta dare da rana, ko da makulli yana cikin aljihu. Duk abin da aka manta a jone, yana ta sha.

Mu yi lissafi. Batirin ƙaramar mota yana riƙe wuta kamar amfer 60 na awa ɗaya. Telefon ɗaya ba ya shan da yawa. Amma ɗan akwatin sanyaya ruwa, ko babbar fitila, yana iya shan amfer 5. A raba 60 gida 5, ya ba da 12. Awa 12 ke nan, daga magariba zuwa fitowar rana. Tun kafin nan ma mota ta ƙi tashi, don tayar da inji yana son wuta mai ƙarfi. Ga shi ranar kasuwa ce, an ɗora buhunan gero da albasa, mutane sun zauna, sai a sauko a yi turi. In mai ciwo za a kai likita, abin ya fi haka muni. Kuma batirin da ake yawan shanyewa ƙaf ba ya daɗewa, sai sayen sabo.

Mene ne maganin?

Ku dubi inda ake sa makulli. A yawancin motoci an rubuta kalmomi huɗu: LOCK, ACC, ON, START. In an murɗa zuwa ACC, rediyo yana kamawa, inji bai tashi ba. To, abin da ake so shi ne ramin caji ya sha wuta daga wannan hanya, kamar rediyo. An zare makulli, ya mutu.

A fara duba littafin motar. A wasu motoci, masu ƙira sun bar wa fizibil ɗin ramin wuri biyu. Fizibil, wanda wasu ke kira fis, shi ne ɗan abin da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, don ya tsare waya. A matsar da shi wuri na biyu, aiki ya ƙare.

In babu wannan, sai mai gyaran wutar mota ya buɗe akwatin fizibil. Yana ƙarƙashin sitiyari ko kusa da inji. Ya ɗauko fitilar gwaji, wato ɗan ƙwan fitila mai waya biyu. Waya ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗaya tana taɓa fizibil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kunna fitila alhali mota tana kashe, ba shi ake nema ba. Wanda bai kunna ba sai da aka murɗa zuwa ACC, shi ne namu.

Kafin a yanke komi, a cire kan batir mai alamar ragewa (−). Sannan a yanke wayar da ke kai wuta tsakiyar ramin. Tsohon bakin wayar a naɗe shi da kyau da robar masu wuta, don in an mai da batir wuta za ta komo masa. In ya taɓa ƙarfe, zai yi tartsatsi. A ja sabuwar waya mai kauri irin na tsohuwar, a sa mata nata fizibil, amfer 10 ko 15, daidai da na da. Kada a ƙara.

Ga wani abin lura. Hanyar rediyo ba ta ɗaukar kaya mai nauyi. Telefon dai babu laifi. In abin sanyaya ruwa za a jona, sai a sa rele. Rele ɗan akwati ne mai ƙafafu, kowace da lambarta. Ƙafa ta 30 tana zuwa batir ta cikin fizibil. Ta 87 tana zuwa ramin caji. Ta 86 tana zuwa ACC, ta 85 kuma jikin ƙarfe. Makulli umurni kawai yake bayarwa, babbar wuta ta bi tata hanya.

Kada a ɗebi wuta daga fizibil na birki ko na inji. Wayoyi masu rigar rawaya ma a bar su, na jakar iska ne, wadda ke tare direba in an yi hatsari. Masu cusa guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fizibil, gobara suke kira.

Ƴan kabu-kabu, da ku ma ake. Batirin moto ƙarami ne, amfer 5 zuwa 7. Abin cajin da kuke ɗaurawa, a jona shi a bayan kontak, ba a kan batir kai tsaye ba.

In an gama, a mai da kan batir. A jona telefon, a murɗa makulli, a ga yana caji. A zare makulli, a ga ya tsaya. Sannan a biya mai gyara.