Hoton Bidiyo da Aikin Iyaye Wajen Koya wa Yara Magana da Turanci

Mutanen Jos ba baƙin hoto mai motsi ba ne. Gidan telebijin na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato shi ne ya fara nuna hoto mai launi a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1970, a nan Jos kuma aka kafa Kwalejin Telebijin ta NTA a 1980. A wancan zamani ɗaukar hoton mutum yana magana aikin gwanaye ne masu manyan na'urori. Yau kuwa wayar da ke hannun mai sayar da dankali a kasuwar Farin Gada ta isa. Saura a san yadda za a mori wannan abu wajen karatun yara.

Yara da yawa sukan iya karanta Turanci a littafi, amma in aka ce su buɗe baki sai harshe ya yi nauyi. Waɗansu iyaye suna zaton maganin abin shi ne a miƙa wa yaro waya ya yini yana kallon Turawa suna zance. Lalle wannan kuskure ne. A 2003 masana a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada jarirai 'yan wata 9 da harshen Sinanci. Waɗanda aka zauna da su ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa bidiyo kawai ba su koya ba. Watau yaro ƙarami yana bukatar mutumin da zai amsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a juya wayar, yaron ya zama shi ne abin ɗauka. A sa shi ya ba da labarin abin da ya gani a hanyar makaranta, ko ya faɗi sunayen kayan miya, na minti biyu. Sa'an nan a zauna tare a kalla. Da kunnensa zai ji inda ya ce "fan" alhali "pan" yake nufi, gama bambanta "p" da "f" yakan wahalar da wanda ya tashi da Hausa. A ajiye hoton, bayan wata guda a sake ɗauka a gwama. Ana iya nuna wa malaminsa don ya gyara lafazi.

Uwa ko uban da bai yi boko ba kada ya ce ba ruwansa. Ya tambayi yaron ma'anar abin da ya faɗa da Hausa, ko Berom, ko Afizere, ko duk harshen da ake yi a gidan. Yaron da ya iya fassarawa ya fahimci maganarsa ke nan, ba haddar aku ya yi ba. Harshen gida kuwa ba ya hana Turanci zama, saboda haka kada a yar da shi.

A kiyayi yi wa yaro dariya in ya yi tuntuɓen harshe, musamman a gaban ƙannensa. Dariya ɗaya tana iya rufe masa baki wata guda. Kuma hoton nan na cikin gida ne, kada a watsa shi a intanet, balle in an ga kayan makarantarsa ko ƙofar gidansu a ciki.