KU KOYA WA YARA HALIN TEKU

Manoman Keta da Anloga, a ƙasar Gana, suna noman albasa kan wani siririn rairayi tsakanin teku da tafki. A watan Nuwamba 2021 igiyar ruwa ta hauro, ta raba dubban mutane da gidajensu.

Ga dalili. Daga 1900 zuwa yau teku ta ɗago wajen inci 8, gama duniya tana ɗumama, ƙanƙara tana narkewa, ruwa kuwa in ya ji zafi kumbura yake yi. Kuma tun da aka datse kogin Volta a Akosombo cikin 1965, yashin da ke tokare gaɓa ya ragu.

To, gani ya kori ji. Ku ba yaro gwangwani biyu ya shuka masara, ɗaya ya riƙa ba ta ruwan rijiya, ɗaya ruwan gishiri. Da idonsa zai ga wadda ta ƙone. Haka teku ke yi wa gona.

'Yan'uwa mazauna Ikko da Ankara, ku hana yaranku ɗiban yashin gaɓa. In an yi shelar guguwa, su hau tudu, kada su tsaya kallo.