Itace, Gawayi da Gas: Da Me Douala Take Hura Wuta?

'Yan'uwa, a Kamaru har yau yawancin gidaje da itace ko gawayi suke girki. Masana suna kiran wannan makamashi daga tsirrai, wato zafin da ake samu idan aka ƙona itace, gawayi, ɗusar katako ko ragowar amfanin gona. A New Bell kuwa, mai suya da mai ƙosai da mai shayi duk da shi suke neman abinci.

A birane wasu suna komawa gawayi saboda sauƙin ajiya da ƙarancin hayaƙi. Sai dai akwai asara a ciki: a yadda aka saba ƙona shi a rami, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Buhun da ka saya a kasuwa ya cinye itace ninkin nauyinsa sau da yawa. Wani itacen ma daga kusa da mu yake fitowa, daga dajin bakin ruwa na kogin Wouri, ana sare shi don girki da bandar kifi. Dajin nan shi ke riƙe gaɓa lokacin ambaliya, a cikinsa kuma kifi ke hayayyafa.

Gwamnati tana tallafa wa farashin gas, an tsayar da tukunya mai kilo 12.5 a sefa 6,500, amma kuɗin sayen tukunyar da murhu a karon farko yana hana talaka.

A nan Douala kamfanin Kemit Ecology yana yin gawayi daga sharar kasuwa, irin su ɓawon ayaba da na masara. Ana busar da su, a ƙona ba tare da iska mai yawa ba, a niƙa, a dunƙula. A ganina ɗalibanmu su koyi wannan sana'a, don sharar tana nan jibge a unguwanninmu, Musulunci kuma ya hana almubazzaranci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Gawayi, kowane iri ne, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Ko ana ruwan sama, kada a shigar da murhu ɗaki a rufe ƙofa da taga, balle a kwana da shi.