Yadda Shari'a Ke Ƙarewa: Laifi, Wankewa, Ko Rushewa

Ka taɓa jin labarin cewa an shafe makonni ana shari'a a Amurka, an saurari shaidu, lauyoyi sun yi ta kai-kawo, amma a ƙarshe alƙali ya ce an rushe shari'ar? Mutane da yawa idan suka ji haka sai su ɗauka wanda ake tuhuma ya tsira ke nan. Ba haka abin yake ba, kuma shari'ar Bill Cosby za ta nuna maka dalili.

Amma tukuna, wa ke yanke hukunci? A Amurka, idan laifin babba ne, ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Aikin wasu mutanen gari ne, galibi su 12, da ake kira juri. Su za su saurari hujjoji, su keɓe a ɗaki su tattauna. Alƙali kuwa shi ke kula da dokokin zama, kuma yawanci shi ke yanke tsawon ɗauri idan an samu mutum da laifi. Sai dai yawancin ƙararraki ba sa ma kaiwa gaban juri: fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a can, amsa laifinsu suke yi bayan an yi yarjejeniya da masu gabatar da ƙara.

Idan shari'a ta je har ƙarshe, juri na da amsa biyu: yana da laifi, ko ba a same shi da laifi ba. Amsa ta biyu ba tana nufin an tabbatar mutum bai aikata ba. Abin da take nufi shi ne masu gabatar da ƙara sun kasa kawo hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Shi ya sa a 1995 juri ya wanke O.J. Simpson daga tuhumar kisan tsohuwar matarsa da wani abokinta, amma a 1997 wani juri ya ɗora masa alhakin mutuwarsu a ƙarar neman diyya, aka ce ya biya dala miliyan 33.5. A ƙarar diyya, hujjar da ta ɗan fi rinjaye ta isa.

To me zai faru idan 'yan jurin suka kasa haɗa baki? A manyan laifuka dole su duka su amince. A 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa ba a samun mutum da babban laifi sai bakin juri ya zo ɗaya, ko a kotun jiha ne. Ingila ta bi wata hanya daban: tun 1967 alƙali na iya karɓar hukuncin mutum 10 cikin 12. A Amurka kuwa alƙali zai roƙe su su koma su sake gwadawa. Idan abin ya faskara, sai ya rushe shari'ar.

Haka aka yi wa Cosby, fitaccen ɗan wasan barkwanci, a watan Yunin 2017 a jihar Pennsylvania. An tuhume shi da bai wa wata mata ƙwaya tare da cin zarafinta. Juri ya shafe sama da sa'o'i 50 yana tattaunawa ba tare da matsaya ba, alƙali ya rushe shari'ar. A idon doka, ba a same shi da laifi ba, ba a kuma wanke shi ba. Tuhumar tana nan daram.

Za ka iya tambaya: ba an ce ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya ba? Gaskiya ne, tsarin mulkin Amurka ya hana. Amma tun 1824 Kotun Ƙoli ta ce idan larura ce ta tilasta aka sallami juri, kamar kasa cimma matsaya, ana iya sake shari'ar. Don haka aka sake gurfanar da Cosby, kuma a watan Afrilun 2018 sabon juri ya same shi da laifi. An yanke masa ɗaurin shekara 3 zuwa 10.

Labarin bai tsaya nan ba. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Pennsylvania ta soke hukuncin, saboda wani tsohon mai gabatar da ƙara ya taɓa bayyana cewa ba za a tuhume shi ba. A kan haka ya ba da shaida a ƙarar diyya, daga baya aka yi amfani da kalamansa a kansa. Kotun ta hana a sake shari'ar, aka sake shi.

Akwai wasu dalilan da kan rusa shari'a: ɗan juri ya shiga intanet yana binciken lamarin, ko a faɗi wata magana a gaban juri wadda doka ta hana su ji.

A Najeriya ba a amfani da juri, alƙali ke yanke komai, amma shari'a kan koma farko. A Disambar 2019 aka yanke wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, ɗaurin shekara 12. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar, domin an riga an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kafin ya yanke hukunci, ba shi da hurumin ci gaba da ita. Kotun ba ta ce komai kan ko an ci kuɗin ko ba a ci ba.

Saboda haka, duk lokacin da ka ji shari'a ta ƙare, tambayi abu ɗaya kafin ka yaɗa labarin: wanke mutumin aka yi, ko shari'ar ce aka rushe? Wanda kotu ta wanke a Amurka ya gama da wannan tuhumar. Wanda aka rushe shari'arsa kuwa, ana iya sake kiransa kotu, shi da mai ƙorafi da shaidu, a fara komai daga farko.