Guntun katakon da ke ɗauke da gida mai taya

A shekarar 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da tirelolin yawon shaƙatawa fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin, kuma mafi yawansu an ƙera su ne a jihar Indiyana, musamman yankin Elkhart. Tirelar da ake nufi ba irin wadda ke dakon siminti a hanyar Lokoja ba ce. Ɗaki ne mai taya, da gado da murhun gas da firji da banɗaki, wanda iyali ke ɗaurawa a bayan mota su tafi daji ko bakin tafki su yi kwanaki.

Abin lura shi ne, duk tsadar wannan gida mai taya, da wuya a buɗe ma'ajiyarsa ba a tarar da wasu guntayen katako ba, waɗanda sau da yawa mai tirelar ne ya yanka da hannunsa. A kansu ake ɗora taya da ƙafafun jak domin ɗakin ya daidaita, ya kuma daina rawa. Kamfanoni irin su Camco da Andersen suna sayar da na roba, amma masu yin nasu ba su ƙare ba, domin katako ya fi arha, kuma mutum na iya yanka shi daidai da faɗin tayarsa.

Dalilin da ya sa karkata ke da tsada

Ƙasa ba ta cika zama shimfiɗaɗɗiya ba, balle a filayen gwamnatin tarayyar Amurka da hukumar BLM ke kula da su, inda a galibin wurare ake barin mutum ya yada zango kyauta har kwana 14, ba tare da daɓen siminti ba. Idan tirela ta karkata, ƙofa takan ƙi rufuwa, ruwan wanka ya taru a kusurwa, ma'aunin tankin ruwa ya yi ƙarya. Waɗannan duk ƙananan matsaloli ne idan aka kwatanta da ta firji.

Yawancin tirelolin da aka daɗe ana ƙerawa suna ɗauke da firji marar inji, wanda zafi ke tafiyar da shi. Ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922, kuma ɗan uwa ne ga firjin kananzir da aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a cikinsa a asibitocin karkara. Wuta tana tafasa ruwa mai haɗe da sinadarin amoniya, tururin ya hau sama ya huce, sannan ya gangaro ta cikin bututu masu ɗan tudu da ƙarfin nauyinsa kawai. Idan firjin ya karkata, ruwan yakan kwanta a inda bai kamata ba, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya toshe bututun. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa da sauƙi. Shi ya sa kamfanin Norcold ya iyakance karkatar firjinsa ga digiri 3 daga gefe zuwa gefe, da digiri 6 daga gaba zuwa baya.

Lissafin ba shi da wuya. Tsakanin tayar dama da ta hagu akwai tazarar kusan mita biyu, don haka falanki guda mai kaurin santimita 3.8 a ƙarƙashin gefe ɗaya yana gyara kusan digiri guda. Falankai kaɗan kenan ke raba firji mai lafiya da wanda za a jefar.

Yadda ake haɗa su

Iri biyu ake yi, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne matakalar taya. Ana samun falanki mai faɗi, a Amurka galibi wanda ake kira 2x8 ko 2x10, wanda ainihin awonsa inci 1.5 ne a kauri, da inci 7.25 ko 9.25 a faɗi. A yanka shi gida uku, dogo da matsakaici da gajere, a sare bakin kowanne a karkace kamar digiri 45 domin taya ta hau ba tare da ta ture shi ba, sannan a jera su kamar matakala. Wasu kan ɗaure su da sukuru su zama abu guda, wasu kuma su bar su a warwatse domin su ƙara ko su rage gwargwadon ramin da suka tarar.

Sharaɗi mafi girma shi ne falankin ya fi tafin tayar faɗi da tsawo. Idan wani ɓangare na tayar ya rataya a iska, nauyin yakan taru a gefen katakon ya lanƙwasa wayoyin ƙarfen da ke cikin tayar, lahanin da ba ya bayyana sai ana gudu a kan titi. Idan kuma tirelar mai tayoyi biyu ce a kowane gefe, dole a ɗaga su biyun daidai wa daida.

Na biyu shi ne matashin jak. Guntaye ne masu kusurwa huɗu, kamar santimita 30 a kowane gefe, da ake jerawa a gicciye, wato zanen itacen na sama ya ratsa na ƙasa, domin kada su tsage tare. Masu kula sukan rufe sama da ƙasa da katako mai falle-falle irin wanda ake mannewa da gam, su kuma ɗaura igiya a gefe don jawowa daga cikin laka. Amfaninsa biyu ne. Tafin jak mai santimita 10 a kowane gefe, idan ya ɗauki kilo 400, yana danna ƙasa da kilo 4 a kan kowace murabba'in santimita. Matashi mai santimita 30 yana baza wannan nauyi a fili mai ninki tara, don haka ba ya nutsewa a yashi ko ƙasa mai danshi. Sannan yana rage tsawon da jak zai miƙe, kuma gajeren jak ya fi dogo tsayuwa daram.

Akwai abin kiyayewa game da katakon da aka jiƙa da maganin gara da ruɓewa. Tun ƙarshen 2003 aka daina amfani da maganin da ke ɗauke da gubar arsenik a katakon gidaje a Amurka, sai dai magungunan tagulla da suka maye gurbinsa suna cin ƙusa ta yau da kullum, don haka sai an nemi wadda ba ta tsatsa. Ragowarsa kuma ba a hura wuta da shi.

Komai da lokacinsa

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar daidaitawa da hana rawa a matsayin aiki guda. Ƙananan jak huɗu da ke kusurwoyin tirela ba a yi su don ɗaga ta ba. Wanda ya matsa musu har taya ta bar ƙasa zai iya karya su, ko ya murɗe ƙashin tirelar.

Ga yadda masana ke bi. Da farko, tun tirelar na ɗaure da mota, a aza ma'aunin magina mai ɗigon iska a ƙasan ɗakin, a gano gefen da ya yi ƙasa, a ja tayarsa ta hau matakala. Sannan a sa waigi gaba da bayan tayoyin. Sai bayan haka ake kwance ta daga mota, domin yawancin irin waɗannan tireloli a Amurka ba su da birkin hannu, kuma da zarar an rabu da mota waigin ne kaɗai ke tsakaninta da gangara. Daga nan a yi amfani da jak ɗin gaba, wanda ke ɗauke da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar, a daidaita gaba da baya. A ƙarshe a sauke jak na kusurwoyi a kan matasansu har su taɓa da ɗan ƙarfi, a tsaya nan.

Katako ya fi bulo

Me ya sa ba a tattara bulo ko duwatsu a huta? Amsar tana wurin ma'aikatan ceto, waɗanda ke tokare mota ko rusasshen gini da katakon da aka jera a gicciye. Itace idan nauyi ya yi masa yawa yakan yi ƙara, ya lotse a hankali, ya ba mutum damar janyewa. Bulo mai rami kuwa ba ya sallama, lokaci guda yake tarwatsewa, musamman idan aka kwantar da shi a gefensa ko tafin ƙarfe ya danna shi a wuri guda. Su ma masu ceton suna da iyaka: tsayin abin da aka jera ba ya wuce ninki uku na faɗin gindinsa. Kuma ko da katakon ya yi kyau, ba a shiga ƙarƙashin tirela a dogara da shi don yin gyara.

Yawon kwana a daji da tirela bai zama al'ada a Nijeriya ba, amma ilimin ba baƙo ba ne. Yaran mota sun san darajar waigi tun kafin a zo nan. Asibitin tafi-da-gidanka da hukumomi ke kaiwa ƙauyuka, da janareto mai taya, da ofisoshin kwantena a wuraren gine-ginen Abuja, duk suna tsayawa ne a kan ƙasa irin wadda ruwan sama ke tausasawa a dare guda. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen irin waɗannan kaya yana da dalilin tambayar abin da za a ɗora su a kai idan sun isa wurin aiki. Falanki biyu daga kasuwar katako ta Dei-Dei da aikin sa'a guda a wurin kafinta sun isa amsa tambayar.